Daga Gonakin Inabi na Delano Zuwa Gonakin Riɗi na Maigatari: Wane Fim Ya Dace da Ɗan Ƙwadago?

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san irin gonar da ke cikinsu. Ko dai wurin da saurayi ke tare budurwa ta kawo wa mahaifinta fura, ko inda ake nuna talaucin jarumi na 'yan mintoci kafin arziki ya ɗauke shi zuwa Kano, ko kuma filin da 'yan barkwanci ke wasa da fartanya don a yi wa baƙauye dariya. Cinikin da ake yi kowace safiya ta damina tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago, nawa ne yini, nawa ne jinga, da abinci ko babu, a biya yau ko sai ranar kasuwa, wannan da wuya ka gan shi. Alhali a ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan ciniki ne ke riƙe gidaje da yawa tsakanin shuka da kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Shi ya sa ake samun masu cewa lokaci ya yi da Kannywood za ta yi abin da wasu ƙasashe suka yi tun tuni, ta shirya fim a kan 'yan ƙwadagon gona da suka haɗa kai suka ajiye fartanya sai an ƙara musu lada. Akwai kuma masu ganin wannan rigar aro ce, ba a ɗinka ta daidai da jikin ƙauyenmu ba, in aka matsa ma sai ta haɗa maƙwabci da maƙwabci faɗa. A ganina, masu ra'ayi na biyu sun fi fahimtar yadda ƙauyen yake a yau, na farko kuwa sun fi hango inda aka dosa.

Masu son a yi fim ɗin suna da abin nunawa. A 1940 John Ford ya fitar da The Grapes of Wrath, wanda aka ɗauko daga littafin John Steinbeck, labarin wasu iyali da fari da bashin banki suka kora daga gonarsu a Oklahoma, suka nufi Kalifoniya neman aikin tsinkar 'ya'yan itace. Bayan shekara 20 gidan talabijin na CBS ya nuna Harvest of Shame, inda Edward Murrow ya kai wa Amurkawa hoton masu girbe musu abinci har cikin ɗakunansu, kwana ɗaya kacal bayan bikinsu na godiya da ake cika tebur da abinci. A 2014 kuma Diego Luna ya yi Cesar Chavez, a kan yajin aikin masu tsinkar inabi na garin Delano, wanda aka fara a watan Satumba na 1965 ba a rufe shi ba sai 1970. Buƙatar farko ba ta wuce dala ɗaya da santi 40 a awa ba. Kafin a kai ga sa hannu a yarjejeniya sai da aka yi tattaki a ƙafa daga Delano zuwa Sacramento a 1966, Chavez, jagoran ma'aikatan da aka sa wa fim ɗin sunansa, ya yi kwana 25 bai ci abinci ba a 1968, mutanen birane kuma suka daina sayen inabi. Abin lura shi ne dokar ƙwadago ta Amurka ta 1935, wadda ta ba ma'aikata 'yancin ciniki a ƙungiyance, ta cire ma'aikatan gona daga ciki. Sai a 1975 jihar Kalifoniya ta yi tata dokar ta ba su wannan dama. Ba fim ne ya rubuta dokar ba, amma mutumin da aka ga fuskarsa ya fi wahalar mantawa da wanda aka ji labarinsa kawai, kuma ƙauracewa inabi ba za ta yiwu ba da mai saye bai taɓa ganin mai tsinka ba.

Masu son a yi fim ɗin suka ce a duba namu gida, irin wannan rami yana nan. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Nijeriya, wadda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba, ba ta kuma hau kan aikin da ke zuwa lokaci-lokaci irin na noma ba. Wato ɗan ƙwadagon gona ta kowace ƙofa ya ɓullo a waje yake. Ƙungiyar manoma ta AFAN da 'yan uwanta na masu gona ne; maganarsu taki, iri, rance da farashi. Babu wanda ke zama a madadin mai noman jinga in ana raba wani abu. Kuma ba a ce yankin ba ya samar da kuɗi ba. Jigawa na cikin jihohin da ke kan gaba a noman riɗi da zoɓo, Maigatari kuma tana cikin manyan wuraren da ake tara su. Riɗin yana ƙarewa a Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon mafi yawa a Meziko. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da dabbobi da hatsi da fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya. Abin da ake sayarwa da dala a ƙarshe, an yanke shi ne da lauje a kan ladan da ba ya sayen kwanon gero biyu a shekarar tsada. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa neman haƙƙin ɗan ƙwadago ba aƙidar Turawa ba ce, don hadisin da Ibn Majah ya ruwaito a kan gaggauta biyan ma'aikaci ladansa ba wanda bai ji shi a wa'azi ba. Me zai hana abin da malami ke faɗa a kan mumbari ya hau allon fim?

Amsar ɗaya ɓangaren ta fara ne da tambaya mai sauƙi: yajin a kan wa za a yi shi? A Delano akwai kamfanoni masu dubban eka a gefe guda, ga kuma mutanen da ba su da ko taƙi ɗaya na ƙasa, 'yan asalin Filifin da Meziko, suna kwana a sansanin da mai gona ya gina. Layin a fili yake. A ƙauyen Sule Tankarkar kuwa, wanda ya ɗauki mutum huɗu noman farko ranar Litinin, ba mamaki ka same shi ranar Laraba a gonar wani yana ƙwadago, don ya sami kuɗin da zai biya bashin waɗancan huɗun. Mai gona da mai aiki sahu ɗaya suke bi a masallaci, wani surukin wani ne, wani ya yi karatun allo gaban mahaifin wani. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a kan karkarar Hausa a 1972, abin da ta gani ke nan: ba a raba ƙauye gida biyu, masu ƙasa da marasa ƙasa, kusan kowa yana da gona, sai dai talauci ya hana wani nome tasa. Sannan ga gayya, wadda ko ta ja baya ba ta mutu ba, inda lada shi ne tuwo da fura da kiɗan gangar noma da kuma sanin cewa gobe za a zo taka. Fim ɗin da ya ɗauki alhajin ƙauye mai shanun huɗa biyu ya mai da shi azzalumin kamfani, ƙarya ya yi, kuma mutanen wurin za su gane ƙaryar tun minti na goma.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma masu ita sukan tsaya rabin hanya. Binciken Batagarawa da suke kafa hujja da shi ya nuna wani abu kuma: mai ƙaramin ƙarfi yana barin gonarsa cikin ciyawa a daidai kwanakin da ta fi buƙatarsa, ya je ya nome ta wani don a ci abincin dare, da kaka ya sayar da ɗan abin da ya samu da arha saboda bashi, da bazara ya dawo ya sayi hatsin da tsada. Shekara ta zagayo ta same shi inda ta bar shi, ko ƙasa da nan. Zumunci bai hana wannan ba, ya dai hana a faɗe shi da ƙarfi. Don haka rashin kamfani mai dubban eka ba ya nufin babu labari. Yana nufin labarin ya fi wuyar shiryawa, domin babu mugu guda da za a nuna da yatsa, kuma marubucin fim ɗinmu ya saba da mugu guda, ko kishiya ko kawu mai cin gadon marayu.

Hujja ta biyu ta masu ƙi ita ce yajin aikin gona ba ya cin nasara inda mayunwata suka fi aikin yawa. Abin mamaki, finafinan Amurkan da kansu sun faɗi haka. A The Grapes of Wrath an ɗauki iyalin nan aikin tsinka a kan santi biyar kowane akwati, ba su san an kawo su ne don a karya yajin waɗansu ba. Da yajin ya karye sai aka mai da ladan santi biyu da rabi. Maigatari a bakin iyaka take. In damina ta yi gardama a ƙasar Damagaram, samari daga wajajen Magarya da Dungas sukan gangaro neman aiki, harshe ɗaya, addini ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. In mutanen gari suka ajiye fartanya, wa zai ce wa wanda ya baro iyali ba hatsi kada ya ɗauka? Damina a nan wata uku ce da 'yan kwanaki. Ɗan ƙwadagon da ya yi yajin mako biyu ya ƙona wani babban kaso na abin da zai samu a shekara. Makamin da ya ba mutanen Delano nasara kuma, wato mai saye ya ƙi saye, ba ya hannun kowa a nan, don mai shan zoɓon yana Meziko, bai taɓa jin sunan Gagarawa ba. Na yarda da wannan kusan duka. Inda na tsaya shi ne riɗi. Kwanson riɗi in ya bushe a tsaye fashewa yake ya zubar da ƙwayar a ƙasa, saboda haka dole a yanke shi cikin 'yan kwanaki, a ɗaure, a jingine ya ƙarasa bushewa kafin a kakkaɓe. A waɗannan kwanaki mai gona ne ke neman mai lauje ido rufe, kuma kowa ya san lada yakan tashi. Masu aikin ba su da ƙungiya mai rajista, wadda doka ta ce sai an kai mutum 50, ba su da kwalaye masu rubutu, amma samari goma da suka haɗa baki a bakin tasha suka ce ƙasa da kaza ba ma zuwa, ciniki a ƙungiyance suka yi ko ba su kira shi haka ba. Wannan ya ishi fim, kuma ba a aro shi daga kowa ba.

In aka bi tarihin ƙasar Hausa ma, inda talakan karkara ya tashi tsaye ba a kan ladan yini ya fi tashi ba. A kan haraji ne, da bashi, da ƙasa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 da maganar haraji da aikin tilas da zaluncin masu riƙe da ƙauyuka ta shiga karkara, kuma da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, ƙasar Gumel na cikin inda abin ya shafa, don a lokacin ba a yanke Jigawa daga Kano ba sai 1991. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoman da madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta cinye gonakinsu sun tare hanyoyi suna neman diyya. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa. Finafinan da suka fi kama da wannan tarihi ba na Kalifoniya ba ne. Mother India na 1957, wanda iyayenmu suka cika gidajen siliman Arewa suna kallo, labarin mace ce da mai ba da bashi ya cinye gonarta da amfaninta shekara da shekaru, kuma ba sai an yi wa Bahaushe fassarar wannan ba. Al-Ard na Youssef Chahine na Masar a kan kwanakin ban ruwa ne da aka rage wa ƙauye daga goma zuwa biyar. Mu ma muna da namu da aka manta: Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa, wanda ya fito a 1991 da harshen Hausa, inda wani attajiri ke neman mallake gonakin ƙauye saboda duwatsu masu daraja da ke ƙarƙashinsu. Shekara ɗaya ke nan bayan Turmin Danya da ake lissafa shi a matsayin mafarin fim ɗin bidiyo na Hausa. Hanya biyu ce ta buɗe kusan lokaci guda, kasuwa ta bi ɗaya ta bar ɗaya.

Gagarawa ce ta sa ba zan iya ba masu cewa babu ruwanmu da Delano gaskiya duka ba. A shekarun 2016 da 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan hekta 12,000 da gwamnatin jihar Jigawa, zamanin Badaru Abubakar, ta tsaya a kan a ba kamfanin Lee don noman rake da yin sukari, filin da ya fi shafar Gagarawa ya kuma taɓa Sule Tankarkar da maƙwabta. Gwamnati ta ce jari ne, aikin yi ne ga matasa da ke tafiya ci-rani, kuma za a biya diyya. Manoma da yawa suka ce gonar gado ba a sayar da ita da alkawarin aiki, suka yi ƙorafi, maganar ta kai kotu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma diyyar da ta tanada ta amfanin da ke kan fili ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma mai gaskiya ba zai ce jihar da samarinta ke watsewa birane kowane rani ba ta buƙatar masana'anta ba. Sai dai a lura da abin da alkawarin kansa ya ƙunsa. In aka ce wa manomi ba da gonarka za a ɗauke ka aiki, an ce masa ne ka tashi daga mai gona da ke taɓa ƙwadago ka koma ɗan ƙwadago zalla, gaban mai aiki guda ɗaya wanda ba surukinka ba ne kuma ba ya bin sahunka. Duk hujjojin da aka kawo cewa ƙauyenmu ba Delano ba ne, zumunci, gayya, kowa da gonarsa, a ranar suke ƙarewa. Yankan rake aiki ne na ɗaruruwan mutane a lokaci guda, a kan ladan da ofis ya yanke, kuma a wurare da yawa da aka yi shi a duniya sai da maganar ƙungiya da yaji ta taso. Fim ɗin da ake cewa bai dace da mu ba, a irin wannan fili ne zai dace.

Saura hujjar tsoro da ta kasuwa. Furodusa zai ce maka kuɗinsa ya zuba, kuma mai kallo soyayya yake so da rawa, ba ya biyan kuɗin data don ya kalli wahalar da ya baro a gona. Zai kuma tuna maka Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, da ɗaurin da aka yi wa Hamisu Iyan-Tama a 2008, ya ce wa zai taɓa maganar fili da gwamnati da kamfanin waje ya kwana lafiya. Tsoron na gaskiya ne, ba na raina shi. Batun kasuwa ne ban gamsu da shi ba. Kwana Casa'in na Arewa24 siyasa ce tsagwaronta, gwamna da 'yan kwangila da 'yan jarida, kuma mutane sun bi shi zango bayan zango. Mother India hawaye ne da laka da garma, bai hana a koma kallonsa sau da sau ba. Mai kallo ba wahala yake gudu ba, wa'azi maras labari yake gudu. Masu cewa irin wannan fim zai tada fitina kuwa, su tuna cewa a Bakolori ba fim ne ya tara manoma a kan hanya ba.

Kuskure ɗaya ne nake ganin ya fi kusa da mai shirya fim ɗin Hausa in ya ɗauki wannan aiki, kuma Diego Luna ya riga ya faɗa cikinsa. Ba Chavez ne ya fara yajin Delano ba. Ma'aikata 'yan asalin Filifin fiye da dubu ɗaya ne ƙarƙashin Larry Itliong suka fita ranar 8 ga Satumba, ƙungiyar Chavez ta yanke shawarar shiga bayan kwana takwas. Fim ɗin ya tura Itliong gefe, har 'yan Filifin na Amurka suka yi zanga-zanga a kansa, kuma a shekarar ta 2014 Marissa Aroy ta fitar da Delano Manongs don ta dawo da waɗancan tsofaffi cikin tarihin. Kannywood da ke gina kowane fim a kan fuskar jarumi guda za ta yi abin da ya fi haka: za ta kawo ɗan boko daga Kano, ya sauka a ƙauye da farar shadda, ya buɗe wa jahilai ido, ya auri 'yar mai gari. Waɗanda za a share an san su tun yanzu. Na farko matan da ke cire zoɓo daga ƙwallonsa da hannu, suna tsince riɗi suna shiƙe shi a gidaje da rumbunan 'yan kasuwa, ana biyansu da awo, waɗanda ladansu ya fi na kowa ƙanƙanta kuma ba sa tsayawa bakin tasha a yi ciniki da su. Na biyu baƙon da ya ƙetaro daga Nijar, wanda marubuci mai gaggawa zai mai da shi mai karya yaji, alhali shi ne ya fi kowa rashin wanda zai kai wa ƙara in an hana shi kuɗinsa, don ba shi da mai unguwa a garin.